Karatun kwamfuta da jestiyon na shekara biyu bayan bak, ya isa a ci abinci da shi?

Wani ƙane daga nan Maraɗi ya turo tambaya. Ya ce bana ya ci bak seri D, babansu ɗan kasuwa ne, shi kuma ransa ya kwanta da karatun nan da ake haɗa kwamfuta da tafiyar da harkokin kamfani, wanda ya ga makarantun Amurka suna rubuta shi MIS kuma ana iya yin shi shekara biyu a jami'a a ba ka diplom. Shina son ya sani ko shekara biyun ta isa mutum ya samu aiki, ko gara ya nufi lisans kai tsaye, sannan ina ya fi dacewa ya yi.

To ƙanena, barka da cin bak tukun, Allah ya sa albarka. Ni wanga fanni shi ne abincina, shi na karanta kuma shi nike yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi, yara masu istaj kuma suna ratsowa ta hannuna, don haka abin da na gani zan gaya maka. Shekara biyu ta isa. Amma ba ta isar kowa, tana isar wanda ya gane tun ranar farko mi aka kira shi ya koya.

Abin da kake gani a takardun Amurka, diplom ne na shekara biyu, wajen kiredi 60 a lissafinsu, wanda idan mutum ya ƙara wasu 60 ya zama cikakken digiri na shekara huɗu. Mu nan Nijar makamancinsa shi ne BTS ko DUT, wato bak da shekara biyu, kuma fannin da ya fi kusa da MIS shi ne wanda muke ce ma anformatik de jestiyon. DUT a IUT, wato cibiyar koyar da fasaha ta jami'a, ake yin shi, makinka na cikin aji da istaj ɗinka su ke fidda kai. BTS kuwa galibi makarantun kuɗi ke koyar da shi, amma jarabawar ƙarshe ta ƙasa ce, kowa da kowa takarda ɗaya. A tsarin LMD, wato lisans, mastar, doktora, da jami'o'inmu ke bi, kowane zango kiredi 30 ne, shekara biyu 120, lisans 180. Ka riƙe waɗannan lambobi don za su yi maka amfani ranar da za ka ce kana son ci gaba.

Yanzu ga inda yara da yawa ke yin kuskure. Suna jin an ce kwamfuta sai su ɗauka za a koya masu gyaran na'ura, ko canza ekran, ko kutse cikin wayar mutane, ko kuma su zauna dare da rana suna rubuta program. A'a. Gyara fanni ne daban, rezo, wato haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, fanni ne daban. Kai abin da za a maishe ka shi ne tafinta tsakanin mai dukiya da na'ura: Alhaji ya san kasuwancinsa kamar yunwar cikinsa amma bai san yaren kwamfuta ba, kwamfuta kuma ba ta san mi ake nufi da "ba shi kaya zai kawo kuɗin bayan kasuwar Jibiya" ba. Kai ne za ka tsaya tsakani. Shi ya sa kusan rabin darasinka ba na kwamfuta ba ne sam, kontabilite ne, da lissafin kuɗi, da tattalin arziki, da dokar kasuwanci, da istatistik, da rubuta rahoto cikin Faransanci mai kyau. Ɗaya rabin shi ne algoritim, wato jera matakan da na'ura za ta bi, da baz de done, wato rumbun ajiye bayanai, da SQL, yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi, da hanyar nazarin tsari irin su Merise da UML, da ɗan rezo, da yaren program ɗaya ko biyu, wasu makarantu PHP, wasu Java, wasu WinDev.

Tunda kai ɗan seri D ne, lissafi ba zai ba ka wahala ba, amma kontabilite za ta ba ka. 'Yan seri G2 ta kontabilite da za ku zauna aji ɗaya sun sha ta tun lise, ranar farko za ka ji suna ta debi da kiredi kai kana kallonsu. Kar wannan ya karya maka zuciya, su ma algoritim zai kama su. Ka nemi ɗaya cikinsu ku yi musaya, ka koya masa naka ya koya maka nashi. Kuma ka sani kontabilite da za ka koya ita ce SYSCOHADA, tsarin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwancinsu wuri ɗaya, wanda aka sabunta ya fara aiki 1 ga Janairu 2018. A cikinsa kowane abu da lambarsa: 401 masu kawo maka kaya, 411 masu saye wurinka, 521 banki, 571 kes, 601 sayen haja, 701 saida haja. Wanda bai haddace waɗannan ba, ko ya iya program kamar mi, ranar da kontabul ya ce masa "411 ɗina bai daidaita ba" zai tsaya ne kawai shina zare ido.

Bari in kai ka mangazar babanku, ko irin tata, don ka ga aikin da idonka. Ka ce shinkafa da mai da taliya ake saidawa. Akwai babban littafi mai baƙar bango, akwai ƙaramin karne a aljihun yaron shago, akwai kuma abin da ke cikin kan Alhaji wanda ba a rubuce yake ko'ina ba. Aka ce maka sa mana wannan cikin kwamfuta. Yaron da bai gane ba sai ya buɗe Excel ya yi layi huɗu: suna, kaya, adadi, kuɗi, ya ce ya gama. Wata guda ba za a yi ba abin ya watse. Don mi? Shinkafa da buhu ta shigo amma wani da rabin buhu zai saya, wani da tiya. Taliya da katan ta shigo, tana fita da katan, tana fita da ƙulli ɗaya-ɗaya. Idan ba ka yi tebur na ma'auni ba, wanda ya san katan ɗaya guda nawa ne, istok ɗinka, wato lissafin hajar da ta rage, ƙarya zai riƙa faɗi kullum. Sannan wani kaya daga Kano ya zo ta Ɗan Isa, da naira aka biya, wani daga tashar jirgin ruwa ya zo, da sefa aka biya, canji kuma na safe daban na marece daban, to dole kowane saye ya tafi da canjin ranar da aka yi shi, ba canjin yau ba, in ba haka ba za ka nuna wa Alhaji riba inda ya faɗi. Ga kuɗin mota, ga na 'yan dako, ga na duwan, duka sai sun hau kan farashin buhu kafin ka ce ga abin da buhu ya tsaya.

Sai maganar bashi, wadda ita ce uwar matsala a kasuwarmu. Mutum ɗaya a littafi an rubuta shi da suna uku, yau sunansa na yanka, gobe laƙabinsa, jibi "yaron Alhaji wane na Tasawa". Kwamfuta za ta ɗauke su mutum uku. Abin da Merise ke koya maka kenan, tun kafin ka taɓa kilabiye ka zauna da takarda da biro ka zana: ga mai saye, lambarsa ɗaya tak, ga faktir, ga layukan faktir, ga biya, kuma biya ɗaya tana iya rufe faktir biyu da rabi, faktir ɗaya kuma ana iya biyanta sau biyar, wani da hannu, wani ta Nita ko Amana, wani ma da buhun wake. Wannan zane shi ake ce ma MCD, kuma wallahi shi ne zuciyar karatun gaba ɗaya. Faransawa suka fito da Merise ƙarshen shekarun 1970, wasu matasa na raina ta wai ta tsufa, amma tunanin da ke ƙarƙashinta, na raba bayanai tebur-tebur a haɗa su da lamba, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, har yau shi ke ɗauke da bankuna da duwan da kamfanonin waya.

Ƙaramin misali na lissafin istok, don ka ji ɗanɗanon abin. A ce akwai buhu 100 da aka saya jika 20 kowane, aka ƙaro 50 a kan jika 23. Buhu ɗaya nawa ya tsaya? A hanyar CUMP, wato fidda matsakaicin farashi, za ka haɗa 2,000,000 da 1,150,000 ka raba da 150, ya ba ka 21,000. Idan yaron shago ya saida a 20,500 shina murna wai ya ci ɗari biyar, kai ka san an faɗi ɗari biyar. Haka TVA, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, nan Nijar kashi 19 cikin ɗari ce, kayan 100,000 harajinsu 19,000, kuma wannan kuɗi ba na mai shago ba ne ko da shina cikin kes ɗinsa. Ranar da ka iya fahimtar da dattijo wannan magana cikin ladabi har ya gyaɗa kai, ka fara zama ma'aikaci.

Inda za ka yi karatun kuwa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi, da ta Tawa da ta Damagaram, a 2010 aka mai da su jami'o'i, kuma daga IUT suka tsiro. IUT ta Maraɗi ta fi karkata ga aikin injiniya, gine-gine da lantarki da makamantansu, ta Tawa ita ce ta fi karkata ga harkar jestiyon. Don haka kar ka ce lalle sai a gida, ka je da ƙafarka ofishin rajista ka tambayi sassan da aka buɗe bana da yadda ake ɗauka, kar ka dogara da abin da aka faɗa a fada wurin shayi. Makarantun kuɗi masu BTS suna nan da yawa, Yamai ta fi yawansu, nan ma akwai. Wasu na da kyau ƙwarai, wasu kuwa allo ne kawai da fenti. Kafin babanku ya zaro ko dala, ka tambaye su takardar izinin gwamnati ta wannan fanni kansa, ba ta makarantar kawai ba, ka tambaya ko ɗalibansu na zama BTS na ƙasa ko diplom ɗin gida kawai suke bayarwa, ka ce a nuna maka ɗakin kwamfuta ka ƙirga na'urorin da ke tashi da hannunka, ka duba ko akwai grup ko pano don ranar da kuran ya tafi. Idan suka ce CAMES ta amince da diplom ɗinsu, wannan ƙari ne mai kyau, don ita ce hukumar da ke Wagadugu mai tantance diplom tsakanin ƙasashe masu Faransanci, amma ka ce a nuna maka a rubuce. Makarantar kirki ba ta jin haushin irin wagga tambaya.

Akwai kuma hanyar Najeriya, tunda Katsina ga ta nan kusa. Can a politeknik ana yin ƙaramin diplom ND shekara biyu, a yi shekara ɗaya ta aiki, a dawo babban diplom HND shekara biyu. Nan cikin gari ma akwai jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe 2013 wadda da Ingilishi take koyarwa. Ribar wannan hanya ita ce Ingilishi, kuma ba ƙaramar riba ba ce, don kusan duk wani bayani mai zurfi na program da Ingilishi yake a intanet. Amma ka sani kontabilite da haraji na Najeriya ba irin namu ba ne, su ba sa cikin OHADA, harajin kayansu ma kashi 7.5 ne tun 2020, to in a Nijar za ka yi aiki sai ka dawo ka koyi SYSCOHADA da kanka, sannan ka bi layin neman ekibalans, wato a daidaita diplom ɗinka da na nan, a OBEECS, ofishin bak da jarabawoyin gaba da bak. Haka shi ma diplom na shekara biyu da ake yi ta intanet daga Amurka, ilimin shina iya zama mai kyau, amma kafin ka biya da dalar Amurka ka tabbata za a karɓi takardar a nan ranar konkur. Ni a ganina, yaron da kasuwar Maraɗi ce gabansa, ya yi na Faransanci ya samu SYSCOHADA a hannu, Ingilishin kuma ya neme shi a gefe da ƙarfin tsiya, minti talatin kullum. Mai duka biyun a garin nan ba ya zama banza, saboda mu babban kaso na cinikinmu da Kano da Katsina ne.

Maganar burs, ka kai dosiyenka ANAB, hukumar burs, da wuri kamar kowa, amma ka tsara karatunka kamar ba za ta zo ba.

Aiki fa? Gaskiya ba wanda zai kira ka ranar da ka yi sutnans ya ce ga biro ga kujera. Amma ƙofofin suna nan. Manyan 'yan kasuwa yanzu dole ta sa suna neman mai kwamfuta, don ofishin lanho na son NIF, lambar mai biyan lanho, da faktir sartifiye mai fitowa daga na'ura, ba irin wadda ake cikewa da biro ba. Masu fiton kaya a duwan da program ɗin SYDONIA suke aiki. Gidajen likita da ofisoshin lafiya suna shigar da alƙalumansu cikin program ɗin DHIS2. Ƙungiyoyin agaji da foroje-foroje suna tattara bayanai a ƙauyuka da KoboToolbox a waya, kuma kullum suna neman wanda zai tsara tambayoyin, ya wanke bayanan, ya fidda tebur mai ma'ana. Ga asusun bada rance, ga kamfanonin aika kuɗi, ga farmasi, ga makarantun kuɗi masu neman wanda zai riƙe masu lissafin kuɗin ɗalibai da biltan, ga lissafin albashi da na CNSS, asusun fansho na ma'aikata. Ba duka ke biya da kyau ba, farkon ma wani abin da za a ba ka kuɗin mai ne kawai. A gwamnati kuwa mai bak da shekara biyu shina shiga ne a mataki ƙasa da mai lisans, wannan ka san da shi tun yanzu.

To a nan ne maganar lisans ta shigo. Wanda gidansu ke da hali, kuma ransa na son zurfi, ya yi niyyar koyarwa ko shugabantar sashe wata rana, ba laifi ya nufi lisans kai tsaye. Amma ni na fi son hanyar shekara biyu ga irinka, saboda dalili ɗaya: bayan shekara biyu kana da takarda a hannu. Wanda ya shiga lisans ya tsaya a shekara ta biyu, don rashin kuɗi ko rashin lafiya ko shekarar karatu ta ja, bak kawai gare shi. Kai kuwa da BTS ko DUT kana iya fara aiki, ka ƙara shekara ɗaya ta lisans profesiyonel, wasu ma da marece suke yin ta bayan an tashi aiki, kuma za ka shiga ajin da tambayoyin da aiki ya haifar maka, ba da haddar kaye ba. Sai dai ka tambaya tun kafin ka shiga ko wace jami'a ke karɓar diplom ɗin a shekara ta uku, don ba kowace ke karɓar kowane ba.

Abu na gaba, na'urarka. Wanga karatu ba a yin shi da waya, kuma ba a yin shi da dogaro ga ɗakin kwamfutar makaranta. Ka nemi ordinater okaziyon mai Core i5, RAM giga 8, da SSD, kuma ka fi kula da batir bisa kyan jiki, ka san halin wutarmu lokacin zafi. Ka duba kilabiye, na Kano galibi QWERTY ne, na makarantunmu AZERTY, ba matsala ba ce babba amma ka saba da duka biyu. Haka Excel, na Faransanci RECHERCHEV yake cewa inda na Ingilishi ke cewa VLOOKUP, ɗaya da waƙafi yake raba lamba ɗaya da ɗigo, kuma na sha ganin fayil ya taso daga Kano ya iso nan lissafi ya birkice don wannan ɗan abu kawai. Kar ka raina Excel wai kai mai program ne. A ofisoshin garin nan shi za ka fi taɓawa bisa komi, sai program ɗin Sage a wurin kontabul, wasu kuma sun fara shiga wani mai suna Odoo.

Istaj kuma kar ka yarda a kai ka inda za ka wuni kana fotokopi da sayo wa shef ruwan sanyi, a sa maka hannu a takarda ka dawo. Gara ƙaramar farmasi ta unguwa inda za a bar ka ka taɓa istok na gaske, ka ga yadda magani ke lalacewa a kan kanta don ba wanda ya lura da kwanan watansa, ka yi masu ɗan tsari mai gargaɗi wata uku kafin lokacin. Wannan shi za ka rubuta rapor a kai, shi kuma za ka buɗe ka nuna ranar neman aiki. Ni idan yaro ya zo wurina ba makinsa nike fara dubawa ba, cewa nike buɗe na'urarka nuna mani abin da ka gina, sannan in tambaye shi in na'urar ta faɗa ruwa yau ina bayanan mutane suke. Wanda ya ce suna cikin kile USB ɗaya a aljihunsa, da sauransa. Kwafi biyu aƙalla, ɗaya a wani gini daban ko a intanet, kuma a riƙa gwada maido shi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko shina aiki ba.

Sai amana. Wanda ya riƙe baz de done ya san wa ake bi bashi, wa ke cin albashi nawa, wa ya sayi wane magani. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita, amma tun kafin doka ta iso gare ka garin nan zai hukunta ka, Maraɗi kowa ya san kowa, magana ɗaya ta fita daga bakinka a fada ba mai sake ba ka makullin lissafinsa. Kuma ka shirya ma wani abu da ba a koyarwa a aji: ranar da ka sa istok cikin kwamfuta, akwai wanda ke cin abinci da duhun da ke cikin tsohon littafi, ba zai so ka ba, zai ce na'urar ce ke ƙarya, zai ƙi shigar da kaya sai dare, zai kai ƙararka wurin Alhaji wai kana ɓata masu lokaci. Kar ka yi faɗa da shi kuma kar ka tona shi gaban mutane. Ka ba kowa lambar sirrinsa, kowane shigarwa ta ɗauki suna da lokaci, ka bar littafin takarda ya ci gaba da tafiya tare da kwamfuta wata biyu ko uku har kowa ya ga lissafin na haɗuwa.

Kafin a koma makaranta, tunda kana da hutu a hannu, ka roƙi babanku ya ba ka littafin bashi na bara, ka ce karatu za ka yi da shi. Ka zauna ka fidda sunan kowane mai saye sau ɗaya tak ka ba shi lamba, ka jera abin da ya ɗauka da abin da ya biya da kwanan wata, ka ga ko jimillarka za ta yi daidai da wadda ke cikin kan baba. In kun saɓa, ku bi layi-layi ku gano inda ta ɓace. In ka ji wannan bin diddigi shina yi maka daɗi, je ka yi rajista. In kuwa kwana biyu ka ji kanka na ciwo ka fi son buɗe cikin na'urar ka ga wayoyinta, to rezo ko mentenans ya kamata ka nema, su ma BTS gare su.